Tsamiyar Gonar Baba

Kazaure

Zuwa ga Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Baba da su Zara.

Yaya, gwajinmu ya yi kyau. Duwatsun nan da masu haƙar ma'adinai ke zubarwa, mun niƙa su mun jiƙa a ruwan tsamiya maimakon asid mai ƙone ƙasa. Tutiya ta fito, ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Ragowar ruwan kuma ba ya kashe shuka. Don Allah kada a sayar da tsamiyar gonar Baba bana, da ita za mu ci gaba.

Ƙaninka,
Muhsin

Roni

Muhsin,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Ai mun ji ka a rediyo, ba sai ka rubuto ba. Baba ya sa an ƙure murya har maƙwabta suka taru. Yanzu ko tuwo aka kawo, sai ya ce Muhsin. Wa ya bar makaranta ya riƙe gona don ka yi karatu? Wa yake hawa tsamiyar nan yana kaɗo ta har tafin hannunsa ya tsage? Ko sunana ba ka ambata ba. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ci mini rai.

Ka gai da manyan naka.

Sama'ilu

Kazaure

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi na ambace ka, masu shirin ne suka yanke. Amma ga abin da ya fi rediyo. Masu ɗaukar nauyin aikin sun yarda a kafa wurin jiƙon a Roni, kusa da itatuwan tsamiyarmu, kuma kai na ba su a matsayin mai kula da shi. Sun ce sai sun ga itatuwan da idonsu kafin su sa hannu. Ranar Alhamis za mu iso, in Allah ya yarda.

A gaishe mini da Baba.

Ƙaninka,
Muhsin

Roni

Muhsin,

Salamu alaikum. Kada ka kawo su.

Washegarin da aka sa ka a rediyo na kira masu gawayi. Sun sare itatuwan tsamiyar duka, kututture kaɗai ya rage. Baba bai sani ba, ƙafarsa ta hana shi zuwa gona.

Ka zo kai kaɗai. Ba zan iya gaya masa ni ɗaya ba.

Yayanka,
Sama'ilu