Majigi Ba Ya Jiran Masu Dabino

Litinin, 9 ga Satumba

An koma makaranta. Na tarar sun ɗaure majigi a rufin ajina, sun saki farin ƙyalle a kan allon da na shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a kansa. Sabon tsarin gwamnati ke nan na ƙananan sakandare. Darasi zai riƙa zuwa daga Rabat, babban birninmu na Maroko, a shirye, kowace rana da nata, ni kuwa nawa in danna rimot in karanta abin da ya fito. Si Mbarek, shugaban makarantarmu, ya miƙo min rimot ɗin da hannu biyu kamar mai ba ni riƙon maraya. Ya ce, "Si Larbi, ka huta da ƙurar alli." Na ce Allah ya saka.

Da zan fita ya raɗa min cewa bana rahoton sufeton makarantu zai yi nauyi ga masu neman canjin wurin aiki. Ya san inda ke min ciwo.

Alhamis, 19 ga Satumba

Matata Turiya ta kira daga Meknes. Haƙorin 'yarmu Wi'am na gaba ya faɗi, a waya na ga giɓin. Uwar ta karɓe wayar ta ce, "Larbi, ni fa ba waya na aura ba. 'Yarka gaisuwar baƙo take maka, ka lura?" Na lura. Kowace shekara ina neman a mayar da ni kusa da su, kowace shekara shiru. Na ce mata bana in Allah ya yarda. Ta ce bara ma haka na ce.

Laraba, 25 ga Satumba

Gaskiya majigin ba shi da laifi ko'ina. Hotunansa sun fi zanena kyau. Amma ba ya kallon fuska.

Talata, 8 ga Oktoba

Dabino ya nuna. Yau rabin aji uku babu su.

Tun zuwana kwarin nan na Dar'a haka muke yi. In kaka ta zo yara su tafi gona, maza a sama suna yanka, mata a ƙasa suna tsincewa. Mu malamai sai mu ja birki, mu yi ta bitar tsohon karatu da waɗanda suka rage. Ran da suka dawo, hannaye duk sukar ƙaya, kowa ya dire ƙunshin dabino a teburin malami, sannan a buɗe babi mai wuya. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan a doka, babu kuma wanda ya taɓa karya ta. To gobe majigi zai buɗe babin kusurwa uku, wanda ba ya taɓa fashi a jarrabawar fita.

Itto ta tsaya a bakin ƙofa bayan an tashi. Ita ce mai kaifin ajin, ga tsiwa. Ubanta na aikin gini a Kasablanka, daga ita sai uwarta a gonar. Ta ce, "Malam, za ka jira mu ko?" Na ce, "Na taɓa barin ku, 'yata? Je ki, ki kawo min mai taushi, ba irin na bara da ya kusa cire min haƙori ba." Ta tafi tana dariya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na je wa Si Mbarek da maganar. Ya ce na'urar tana nuna ranar da aka buɗe kowane darasi, can sama suna gani. Na ce, "Su can sun san dabino kuwa?" Ya ce, "Sosai ma. Da shi suke buɗa baki."

Na buɗe babin.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau darasin auna tsawo da inuwa. A da waje nake fitar da su, mu kafa sanda a tsakar makaranta, mu auna inuwarta, mu auna ta bishiyar dabinon da ke bakin rijiya, yara su fito da tsawonta ba tare da kowa ya hau ba. Har masu barci a aji sukan farka ran nan. Yau hoton wani dogon bene majigi ya nuna, na karanta wa kujeru. Na ji kaina kamar mai sanarwa a tashar mota.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Sun dawo. Teburina ya cika da dabino har ba wurin ajiye rimot. Itto ta zauna a gaba, ta buɗe littafi, ta dubi ƙyallen. Mun wuce su da babi biyu. Ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba, na ce zan nemo lokaci.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ina lokacin? Ana buga ƙararrawa motar ƙauyuka ta fara hon, direban ba ya jiran ko uwarsa. Ajin kuma yanzu kulle shi ake yi da an tashi, kada a sace majigi. Laraba da yamma da muke da sarari sun cika ta da horo kan yadda ake danna rimot. Ko ta ina na juya bango ne.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na kashe majigin. Na naɗe ƙyallen, na ɗauko alli, na koma baya. Wallahi sai da na ji numfashina ya dawo. Na zana bishiya da inuwarta, Itto ta ce, "Malam, wannan dabino ne ko tsintsiya?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma. Mun ci rabin babin farko, har ta fara riga ni ba da amsa.

Ashe Si Mbarek na tsaye a taga. A ofis bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Shayi ya zuba min ya ce, "Jibi sufeto na zuwa. Duk makarantar nan kai kaɗai ne a baya, kuma an gani. Ni saura kaɗan in yi ritaya, ba abin da zai same ni. Kai ne mai 'ya a Meknes, ɗan'uwana."

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na haɗa darasi biyu na zuba musu a zama ɗaya don in cimma jadawali. Ko ni ban gane abin da na faɗa ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Sufeto ya zo. Matashi ne mai ladabi, ya zauna a baya da agogonsa. Ina tsakiyar dannawa Itto ta ɗaga hannu. "Malam, wannan daga ina ya fito? Ba mu kai nan ba." A tsarin, sai shafin ƙarshe ake karɓar tambaya. Na ce, "Ajiye ta zuwa ƙarshe." Ba ta sauke hannun ba. Na ci gaba ina kallon saman kanta, har hannun ya gaji ya sauka da kansa. Ƙararrawa ta buga daidai kan shafin ƙarshe.

Sufeto ya riƙe hannuna ya ce da wuya a ga malami mai kiyaye lokaci irina. Na yi godiya. Kunya ta kama ni har cikin ciki, amma na yi godiya.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Rahoto ya fito, ya yi kyau ƙwarai. Mun ci kuskus a gidan Si Mbarek. Turiya ta rangaɗa guɗa a waya, Wi'am ta ce, "Baba, in ka zo kai za ka riƙa kai ni makaranta?" Na yi murna, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Murna ta gaske.

Talata, 10 ga Disamba

Na duba gwajinsu. Itto ta bar shafin kusurwa uku fari fat, ko sunanta ba ta ƙarasa ba. Ta koma kujerar baya da kanta. Na haɗu da uwarta a kasuwa, ta ce in yarinyar ba ta ci jarrabawar fita ba, ba zancen tura ta babbar sakandare a Zagora, gona ma na buƙatar hannu. Ta ƙara da cewa, "Amma ta ce kana ƙoƙari, Malam, Allah ya jiƙan iyayenka." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ƙunshin dabinon Itto na nan a kabad. Na rabar da sauran, nata na kasa taɓawa.

Lahadi, 5 ga Janairu

Sanyi. Ba abin rubutawa.

Alhamis, 16 ga Janairu

An ɗauke wuta muna tsakiyar darasi. Ƙyalle ya yi fari, aji ya yi tsit. Rana ta fito sosai, inuwar bishiyar bakin rijiya ta kwanta sambal a tsakar makaranta, kowa na ganinta ta taga. Sai na ji murya daga baya. Itto ce, rabona da jin muryarta tun ranar sufeto. Ta ce, "Malam, mu fita mu auna?"

Alli na cikin aljihun tebur, sandar ma na bayan ƙofa inda na bar ta bara. Na ce, "In aka kawo wuta muna waje fa? Ku zauna shiru mu jira."

Muka jira. Ba wanda ya yi ko tari. Sai daf da tashi aka kawo, na ga ashe duk zaman nan babban yatsana na kan rimot yana ta dannawa. Ba wani abu ba ne, sabo ne kawai. Kowa ma haka zai yi, ai tsarin bai tanadi fita waje ba.

Da la'asar na fara zuba littattafaina a kwali, ko da yake sakamakon canjin bai fito ba tukuna. Na dafa shayi, na sha da dabinon Itto. Ya ɗan bushe, amma ya ciwu.