Rariyar da Masu Gyaran Gidanka Suka Toshe

Zuwa ga Alhajin da ya sayi gidan marigayi Malam Barau a Hunkuyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkoki, ni ne Tanimu magini, maƙwabcinka ta gabas, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sau biyu ina aika maka saƙo ta hannun mai kula da aikinka, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani zai gani ya isar maka.

Ban ƙi aikinka ba. Gidan nan ya daɗe ba kowa sai jemagu, ka zo ka sa masa sabon kwano, ka yi daɓen siminti, ka mai da ɗakunan sito don masu sayen masara su kama haya. Layinmu ya yi kyau. An ce umarninka ɗaya ne, kada a bar ko ramin da ɓera zai sa hanci. Duk mai ajiyar hatsi haka zai ce. Sai dai, ranka ya daɗe, ba kowane rami ne na ɓera ba.

Na farko, a gindin katangar nan akwai rariya. Layinmu gangare ne, ruwan tsakar gidana ta nan yake bi, ya ratsa gidanka, ya faɗa kwatar bakin hanya. Mahaifina da Malam Barau ne suka fasa ta tare, ba takarda ba sa hannu, domin a nan ba a rubuta hanyar ruwa, wanda ya sayi gida da ita ya saya. Ma'aikatanka da aka kawo daga birni sun same ta da rani a bushe, suka cusa mata bulo, suka shafe da siminti, har da fenti. Na yi wa shugabansu, wanda suke kira injiniya, bayani a tsanake. Ya buɗe takardar zanensa ya ce babu rariya a ciki. Na gaya masa ruwa bai iya karatu ba.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ruwa uku aka yi bana, kowanne sai ya kwanta a gidana har idon sawu, ya jingina da ɗakin mahaifiyata, Inna Kande, wanda ginin ƙasa ne. Da gini na yi furfura, na san kamannin bangon da yake shan ruwa ta ƙasa. Yaɓe ya fara zubowa, tsaga ta buɗe kusa da ƙofa, yatsuna biyu suna shiga. Na roƙe ta ta koma wani ɗakin, ta ce nan aka kawo ta, nan za a fitar da ita. Ka san tsofaffi. Tsoro nake ji, Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, ga shi damina ba ta ma zauna ba.

Kai ma ba ka tsira ba. Katangar da ruwan yake ci ita ce bayan sitonka. Simintin da aka shafa ta ɓangarenka kwalliya ce kawai, cikinta ƙasa ce, danshi zai isa buhunan mutane kafin ɓera ya isa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ina da guduma, kafin shayi ya huce zan iya fasa wurin. Amma ba na taɓa ginin mutum ba da izninsa ba, ba haka aka rene ni ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka ba da izni a buɗe rariyar, a sa bututu, a rufe bakinsa da ragar ƙarfe, ruwa ya wuce, ɓera ya tsaya. Ni zan yi aikin da hannuna, ladan maƙwabtaka ya ishe ni. Idan Juma'a ta wuce ban ji daga gare ka ba, zan kai maganar gaban mai unguwa, kuma na san dattawan layin nan ba su manta waɗanda suka fasa rariyar ba. Na fi so dai ka zo da kanka, ka ga tsagar da idonka, ka gaida Inna a ɗakinta tun yana tsaye.

Allah ya sa wa dukiyarka albarka, ya cika sitonka, ya ba mu damina mai sauƙi.

Wassalam.

Maƙwabcinka,
Tanimu magini, Hunkuyi