Baba Ya Shafe Jan Ƙarfen da Fenti

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa. Sai dai ni hankalina a tashe yake, kuma a kan Baba ne.

Watanni huɗu da suka wuce masu gidan ƙanƙara suka ba mu aikin tankin dizal. Injiniyarsu ta kawo wasu faranti masu haɗin jan ƙarfe, ta ce a shimfiɗa su a gindin tankin. Ta ce ruwa kan kwanta ƙarƙashin mai, wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani su hayayyafa a ciki, su yi yauƙi su toshe injin, amma da sun taɓa wannan ƙarfen sai su mutu. Ni ta yi wa bayani, kuma ban isar wa Baba ba, don na san dariya zai yi, ya ce yaushe mai ya fara ciwo. Ka san shi, shekara arba'in yana walda bai taɓa sallamar ƙarfe tsirara ba. Ranar da na je sayen kaya ya bi farantan nan da fenti har shafi uku, kyauta, don ya faranta musu.

Makon jiya injin ya mutu, kayan mutane suka lalace. Da aka zuƙe man sai ga baƙin yauƙi kamar miyar da ta kwana uku. Injiniyar ta ce fentin ne ya shiga tsakanin ƙarfen da ƙwayoyin. Wallahi Yaya, da na faɗa wa Baba ban iya kallon idonsa ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tambayata kawai ya yi ko na sani tun farko, na ce e.

Yanzu ya rantse shi zai shiga tankin jibi ya kankare fentin da hannunsa, ga tururin mai, ga ƙirjin nan nasa da ko hayaƙin girki ba ya so. Na roƙe shi ya bar ni in shiga, ya ce wanda ya shafa shi zai goge. Kawu ya yi magana, Inna ta yi kuka, ko gezau. Tsoro nake ji ƙwarai. Shi ya sa na ba direban safe takardar nan, don na kasa faɗa maka da bakina. Don Allah ka kira shi da zarar ka karanta. Maganarka yana ji, tawa kuwa tun ranar ko gaisuwa da ka yake amsawa.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, Gwaggo ma tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Auta