Ram Ɗin da Na Ba Becky

Ƙanena Wilson,

Gaisuwa mai yawa daga Indiya. Yaya ƙafar Mama, yaya mutanen Karewa? Ni lafiya lau nake, abincinsu ne kawai cikina bai saba da shi ba.

Mama ta ce laftof ɗinka sai maƙalewa take yi, har sai ka hau keke zuwa kasuwar Jimeta kana aron ta wani shago don rubuta furojet. Tun da na ji raina bai kwanta ba. Sabuwar laftof ɗin nan da na taho da ita, domin mu biyu Baba ya saya, ga ta a hannuna ni kaɗai.

Ram, ɗan abin nan na ciki da ke ba laftof sauri, shi ne ya yi wa taka kaɗan. Na zaga shaguna, ya yi tsada sosai, sai na sa aka ciro ɗaya daga cikin biyun da ke tawa. Becky 'yar cocinmu za ta dawo gida, ita za ta kawo maka. DDR4 ne, giga takwas, zai shiga taka. Kai wa mai gyara, kada ka danna da ƙarfi.

Tawa ta rage sauri, amma kada Mama ta ji. Kai ka daɗe kana wannan jiran a gaban taka, ba ka taɓa faɗa mini ba. Ka yi haƙuri. Allah ya ba ka sa'a.

Addarka,
Jemimah