Wayar da Ke Cinye Wushiryar Mahbuba

Zuwa ga Mahbuba, farin watan Rabah, sanyin gulbi a tsakiyar bazara, mai wushiryar da ta sa na shuka albasa a kife ban sani ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ki sani ina cikin tashin hankali. Tun da kika je Sakkwato aka ɗaura miki waya a haƙora, duk ranar da na zo zance sai in ga wushiryarki ta ƙara tsukewa. Kin ce ƙawayenki na makaranta ne ke tsokanarki. Su mi suka sani? Mi wushiryar nan ta yi miki? Wa ta zaga?

Kin tuna ranar da muka je dam ɗin Goronyo tare da yayarki Lami, kika kurɓi ruwa, kika tsarto shi ta wannan 'yar ƙofa har ya jiƙa mini hula? A nan na kamu, ya zumar zuciyata. Hular nan har yau ban yarda an wanke ta ba.

Da haƙurina ya ƙare, na shiga mota daga Wurno na je wurin likitan da ya ɗaura miki wayar. Ashe haƙori ba kafe yake kamar turke ba. Ya ce kowanne rataye yake cikin ƙashi da wasu siraran zaruruwa. Idan waya ta matsa shi a hankali, ƙashin gabansa sai ya riƙa zaizayewa, na bayansa yana tsirowa, kamar yadda gulbinmu ke cin wannan gaɓa yana zuba ƙasa a waccan. Wai ciwon da ya raba ki da rake da gasasshiyar masara alama ce aiki na tafiya. Na ce a'a, dasashinki ne ke kuka don shi ma ba a yi shawara da shi ba. Likita ya ce in daina taɓa masa kayan aiki.

Amma ya faɗi abin da ya sanyaya mini rai. Ko an cire wayar, zaruruwan nan za su daɗe suna jan haƙoran zuwa tsohon mazauninsu, sai fa in kina sa wata roba da zai ba ki. Ashe ina da magoya baya a cikin bakinki! Don Allah, hasken idona, in aka ba ki robar nan, ki ajiye ta inda akuyar Innarki za ta kai.

In kuwa kin ƙi, bakinki ne, ba zan yi fushi ba. Ina sonki a buɗe, ina sonki a rufe. Sai dai gidanmu ba zai zauna babu wushirya ba. Na tambayi likita ko wayar da ta iya rufewa ta iya buɗewa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ta iya. Da an cire albasa zan je a ɗaura mini tawa.

Naki har ranar da haƙoranmu za su zube, mu koma shan kunu a kwano ɗaya,

Zayyanu