Fuskar da Ta Tsayar da Ƙasashe Uku

Zuwa ga Kubura, sanyin idona, ruwan Komadugu na farkon zuwa bayan dogon rani, tattasan Geskeru wanda kasuwa ba ta taɓa ganin irinsa ba. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da su Baba.

Kubura, kin ja mini magana! Yau kwana tara malaman jami'a a ƙasashe uku suna jirana, kuma laifin duk naki ne.

Kin tuna ranar da muka kawo na'urar nan gonarku, mai taya huɗu da ido ɗaya a wuya, wadda Baba ya raɗa wa suna Ɗan Maraƙi? Muna koya mata ta gane tattasai lafiyayye da mai cuta. Ta kafe a laka, na shiga ciro ta, na zame na zauna daɓas, ke kuwa kika saki kwando kika yi ta dariya har da hawaye. To, a daidai lokacin idonta ya ɗauke ki. Ni da na yi wata biyar ina roƙon hotonki kina cewa ke ba kayan kallo ba ce, ga ƙarfe marar kunya ya samu a ɓagas!

Kin san aikina a biro, wato ofishinmu nan Difa: in shafe fuskar kowa kafin hotuna su tafi Dakar da Jamus da Japan. Dokar proje ce, wato aikin nan na malaman, ba a ajiye ko kwafi ɗaya, don in ordinatar, kwamfutar da nake aiki da ita, ta faɗa hannun mutanen daji masu bindiga, duk wanda aka gani yana aiki da baƙi ya shiga uku. Fuskoki sun fi dubu na shafe ban ji komai ba. Har ta Baba na shafe, ina neman gafararsa a zuci. Da na zo kanki, hannu ya ƙi.

Malamar Japan ta tambaya cikin ladabi ko wuta aka ɗauke mana, na ce ƙwarai. Na Jamus ya tambaya ko rezon intanet ne ya yanke, na ce shi ma. Na Dakar kuwa, da yake ɗan gida ne, ya gane yarinya ce ta riƙe ni, bai tambayi komai ba sai sunanki.

Kuma kin san abin haushi? Ɗan Maraƙi ya zagaye fuskarki ya rubuta wai bai san mene ne wannan ba. Wawa! Malamai uku sun ƙare masa iliminsu, amma ya kasa gane farin wata ɗan daren sha huɗu? Ina ma ni aka tambaya!

Ba zan ɓoye miki ba, na so in ajiye kwafi a salula. Sai na tuna hanyar Geskeru. Wa ya san wanda zai tare ni ya ce in buɗe masa? Wallahi tsoro ya kama ni, Kubura. Gara in rasa hoton nan sau dubu da wani mugu ya gan ki sau ɗaya ta dalilina.

Gobe Litinin wa'adin da suka ba ni zai cika, don haka ina rufe wasiƙar nan zan yi bisimilla in shafe. Malamai za su ga gyale shuɗi da kwando a ƙasa, da hazo a inda dariyarki take. Ni kuma in koma hannu rabbana. Ki tausaya mini, ki ba ni izini in turo Goggo Uwani wajen Baba ranar Juma'a, in samu fuskar da babu dokar da za ta ce in shafe.

Bari in ƙara kallo ɗaya. Tawadar Allah tana kuncinki na hagu, ƙasa da ido kaɗan. Na rubuta a nan don kada in manta kafin amsarki ta zo.

Naki ne ni, ke kaɗai, har ranar da za a rufe mini ido,
Ya'u