Jirgin Roba da Idon Hansai

Balan, ta Gaya, Jihar Kano.
Watan Ƙaramar Sallah, 1971.

Zuwa ga Badaru ɗan ƙanwata Hansai, a Ingila.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka Baiwa, domin ina so ka karanta ta da idanunka biyu garau. Mu nan mun gode Allah. An sha ruwa lafiya, an yi sallah lafiya, gero ya shiga rumbu, gyaɗa ma ba ta ba mu kunya ba. Ƙanwarka Barira ta sauka, an sami namiji. Ni kawunka Gwadabe ni na riƙe alƙalamin nan da kaina, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, don in na ba wani ya rubuta zai zuba wa maganar zuma, ni kuwa ba zuma na tanadar maka ba.

Saƙonka ya iso, madalla da ɗa na gari. Tun kafin a fara yaƙi ka tafi koyon gyaran jirage, an yi yaƙi an gama, sojojin da muka cire rai da su sun dawo har sun yi aure, kai shiru. Da damina uwarka ta sa aka rubuta maka cewa idanunta suna yin hazo, ka taimaka da magani irin na can. Tun daga ranar, duk motar da ta yi kuka a hanyar Gaya sai ta ce a leƙa. Ana cikin cirar gyaɗa sai ga Maiwada direba da kwali, ya ce wani abokinka ne ya ba shi a tashar Kano, bai ce masa komai ba sai dai a kai wa tsohuwa. A bayan kwalin ga hoton jirgin yaƙi yana feshin wuta, a ƙarƙashinsa teku, ga wani ƙaton jirgin ruwa da yake sauka a gadon bayansa kamar balbela a kan saniya. Kafin la'asar labari ya kai har garin Gafasa cewa ɗan Hansai ya sayi jirgin sama ya aiko da shaida.

Ni ina Toranke wajen ta'aziyya aka buɗe. Me za a gani? Tarkacen roba masu ruwan toka, a manne jikin wasu tsinkaye kamar 'ya'yan kaɗanya ɗanyu, da takarda mai zane-zane cike da Turanci. A gefe guda kuma ga ɗan bututun dalma mai tsinin baki, tsawon ɗan yatsa, sak irin wanda ake bayarwa a asibiti a ce a matsa a ido safe da yamma. To, ka gaya mini, matar da ta roƙi maganin ido, ɗanta ya aiko da wannan, me za ta ce ya aiko? Ta yi alwala, ta yi bismilla, ta sa maka albarka, ta matsa a idonta na hagu. Barira ta ce ihun da ta yi sai da awaki suka tsinke igiya. Duk da haka da aka kawo ruwa za a wanke, ture ƙwaryar ta yi, ta ce a bar shi, zafin magani ne, ɗanta ba zai aiko mata da abin cuta ba. Barira ce ta fizge bututun ta cusa a zani, ba don haka ba da na dama ma ya samu rabonsa.

Washegari na ɗauki kwalin na kai wa Malam Kashim na firamaren Gaya. Ya karanta, ya cire tabarau. Sannan ya ce wannan abin wasan 'ya'yan Turawa ne, har da manyansu marasa aikin yi, ana harhaɗa shi ya zama ɗan jirgi a ɗora a kan tebur. Bututun kuwa gam ne mai narka roba, kuma ga shi an rubuta ɓaro-ɓaro kada ya kusanci ido. An rubuta, Badaru. Wa zai karanta a ɗakin Hansai, kaza ko turmi? Layi ɗaya da Hausa ya gagare ka. Na san abin da za ka ce, wai so ka yi ta ga irin abin da kake taɓawa a can ta yi alfahari. An ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, amma ban taɓa jin ɗan kukan da ya ɗauki dutsen da kansa ya aiko a kwali ba sai kai.

Mun kai ta asibitin ido a Kano. Likita ya ce na hagu ya tafi, sai haƙuri. Na dama kuma yanar ido ce take rufe shi, ana iya kankarewa, amma a yi da wuri, kuma shi ba ya rantsuwa a kan wuƙa. Nan uwarka ta kafe. Ta ce ba mai sa mata wuƙa a idon da ya rage sai ta kalli ɗanta da shi tukuna, in ya so bayan nan Allah ya yi ikonsa. Ka san kai ɗan fari ne, tun da ta haife ka bakinta bai taɓa kama sunanka ba, sai dai yaron nan. A gaban likita da ni yayanta ta faɗe shi, har sau biyu. Na sunkuyar da kai.

Da muka dawo gida ta hana ni sakat, wai sai an haɗa mata kayan ɗanta ta ji yadda yake. Ni da furfurata na zauna a zaure duk tsawon azumi, ina jiƙa ƙaro ina manna fiffike, mutane na wucewa suna cewa Gwadabe ya koma yarinta. Ya haɗu dai, a karkace kamar jakin da aka yi wa mangala ɗaya. A wutsiyarsa akwai wata 'yar ƙugiya. Malam Kashim ya ce da ita jirgin yake cafkar igiya ya tsaya in ya dawo masaukinsa, in ba haka ba ya zarce cikin teku. Na ce ashe Bature ma ya san abin da ya tashi sai an yi masa ƙugiyar dawowa. Taka a ina ta karye?

Yanzu yana rataye a ɗakinta, kullum sai ta sa an sauko da shi ta shafa. Duk wadda ta zo dubiya ta buɗe baki za ta zage ka, sai ta ce a yi mata shiru, laifin tsufanta ne. Ni ban yi mata alkawarin shiru ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na ɓata tawada. Kada ka aiko da magani, kada ka aiko da hoto, kada ka aiko da uzurin jarrabawa. Ka zo kafin Babbar Sallah. Kowace safiya sai ta matso da hannunta kusa da fuska fiye da jiya kafin ta ga yatsunta.

Ka gai da Baiwa, ita ba ta yi mana komai ba. Barira tana gaishe ta, kai kuwa ta ce in tsallake ka. Uwarka ta ce a gaishe ka da kyau, kuma kada a gaya maka komai don kada hankalinka ya tashi. Ka ga yadda na bi umarninta.

Za ka ji wani ɗan abu mai tauri a cikin ambulan. Ɗan mutumin roba ne da ake zaunarwa a kujerar jirgin, na ƙi manna shi. Da ta shafa ta ji kujerar wayam, ta tambaye ni ina matuƙin. Na ce mata yana hanya. Na kai waɗannan shekaru ban taɓa yi wa Hansai ƙarya ba, kada ka sa in fara.

Wassalam.
Ni ne kawunka, in har ka iso,
Gwadabe na Balan.